Raƙuman Dawan Kure da Manoman da Suka Riƙe Su

Wanda ya bar Yamai da sassafe ya kama hanyar Doso, idan ya ci kamar kilomita 60 zai iso Kure. Garin Zabarmawa ne, kuma ba shi da wani abin da zai tsayar da matafiyi: rumbuna, rumfunan kasuwa, gonakin gero da wake, sai fako mai jar tsakuwa. Amma idan damina ce, kuma aka yi katari, can bayan gona sai ka hangi dogon wuya ya zarce kan itatuwa, yana tafe a hankali kamar mai tausayin ƙasa. Kusa da shi manomi na ta nomansa, bai ko ɗaga kai ba.

Waɗannan su ne raƙuman dawan Afirka ta Yamma, kuma duk faɗin duniya babu sauran irinsu sai a Nijar. Ba a cikin gandun daji mai shinge suke ba. Tsakanin gonaki da rijiyoyi da shanun Fulani suke kwana, suke tashi. A 1996 an bi su ɗaya bayan ɗaya an ƙidaya, aka samu 49. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sun haura 600. Bindigar ma'aikacin gandun daji ba ita ta yi wannan aiki ba, ko da yake ta taimaka. Haƙurin talakan da suke cinye wa wake ne ya yi shi, kuma wannan haƙuri yana da tarihi.

Dabbar ta daɗe a ƙasashen nan fiye da duk wata daula da muka sani. A Dabus, arewa da Agadas, akwai wani faffaɗan dutse da mutanen zamanin dauri suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa, babban ya zarce mita 5, da zanen fatarsa dalla-dalla. Masana na ƙiyasta shekarun sassaƙar tsakanin 6,000 da 8,000, zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. Daga bakin kowanne an ja wani layi da ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Wasu sun ce igiya ce, wasu sun ce alamar wata dangantaka ce ta ibada. Ko ma mene ne, wanda ya ɓata kwanaki yana goge dutse don ya fitar da wannan sura ba baƙon dabbar ba ne.

Da dauloli suka kafu, sai raƙumin dawa ya zama kayan sarauta, abin da sarki ke aika wa sarki don a san girman ƙasarsa. Ibn Haldun ya rubuta cewa a 1257 sarkin Kanem da Barno ya aika wa Sarki al-Mustansir na Tunis kyauta, a cikinta har da raƙumin dawa, mutanen birni suka yi dafifi don kallo. Ya kuma kawo labarin wani da Mari Jata na Mali ya aika wa Sarki Abu Salim, wanda ya isa birnin Fas a ƙarshen 1360, aka fito ƙwai da kwarkwata ana mamakin halittarsa. A tuna cewa waɗannan dabbobi da ƙafa suka ƙetare Sahara. Masu tarihi sun rubuta waɗanda suka isa. Waɗanda suka faɗi a hanya ba wanda ya lissafa. Mu riƙe wannan al'ada ta kyautar sarakuna a zuci, don za ta sake dawowa cikin labarin nan.

Har zuwa farkon ƙarni na 20 ana samun raƙuman dawa daga kogin Senegal, a ratsa Muritaniya da Mali da Nijar da arewacin Najeriya, har a doshi tafkin Cadi. Abin da ba kowane ɗan Najeriya ya sani ba shi ne, sunan da masana suka raɗa wa wannan iri, wato peralta, daga wanda aka harbe kusa da Lokoja ya samo asali, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Wani masanin dabbobi na Ingila, Oldfield Thomas, shi ya bayyana shi a 1898. Yau a duk Najeriya babu garke ɗaya na wannan iri. Sunan kawai ya rage a bakin Bahaushe, wanda ya dubi dogon wuyan da irin takun ya ce ai wannan raƙumi ne, sai dai na dawa.

Ƙarewarsu ba dare ɗaya ta zo ba. Bindiga ta yawaita, Turawan mulkin mallaka suka mai da harbi abin shaƙatawa, mafarauta na neman nama da fata da wutsiya. Gonaki suka yi ta cin daji. A Mali, tun zamanin Faransawa aka keɓe wani makeken yanki tsakanin Ansongo da Menaka domin raƙuman dawa, har sunansu yankin ke ɗauke da shi. Takarda ta keɓe, amma ba wanda ya tambayi mutanen wurin, kuma ba wanda ya ba su dalilin tsarewa. Yankin na nan a taswira, dabbobin babu. Ina ganin duk mai son fahimtar abin da ya faru a Kure ya kamata ya fara da wannan.

Sai fari ya zo. Na 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobin makiyaya, na 1984 zuwa 1985 ya ƙarasa abin da ya rage. Garken da ya tsira yana wajen Ayoru ne, kusa da iyakar Mali, inda itatuwa suka bushe, mafarauta kuma suka matsa. Sai suka gangaro kudu, suka wuce Yamai ta gabas, suka yada zango a tuddan Kure da kwarin Dallol Boso. Su ma gudun hijira suka yi, kamar dubban mutanen da yunwar shekarun nan ta kora daga gidajensu.

Wurin da suka zaɓa yana da sirri, kuma sirrin itace ne. A kan tuddan Kure dajin a jere yake, layin itatuwa sai layin fako, layin itatuwa sai layin fako. Ruwan sama na gangarowa daga fakon ya taru a gindin itatuwan, shi ya sa geza da sabara da taramniya da sarƙaƙiya ke rayuwa a inda ruwa bai taka kara ya karya ba. Nan raƙuman ke cin damina. Idan kaka ta wuce, ganye ya kaɗe, sai su sauka Dallol Boso, tsohon kwarin kogi da ruwa ke kusa a ƙarƙashin yashinsa, wajen Harikanasu. A can gawo ke jiransu. Duk manomin Hausa ya san halin gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani kuma, lokacin da kowane itace ya tsaya tsirara, shi sai ya yi kore shar ya zubo 'ya'ya. Don haka manoma ke barin sa a tsakiyar gona, har ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi. Abin da manomi ya bari don amfanin gonarsa da awakinsa, shi ya zama abincin rani na dabbar da ta fi kowace tsawo. Ga aduwa da magarya da bagaruwa a gefe. Harshen raƙumin dawa ya kusa rabin mita, yana zare ganye daga tsakanin ƙaya ba tare da ya ji komai ba.

Mutanen Dallol ba mafarautan raƙumin dawa ba ne, kuma wannan ya taimaka. Zaki da sauran manyan namun daji sun daɗe da ƙarewa a yankin, don haka jariran da ake haifa ba su da mai farautarsu. Duk da haka garken bai ƙaru ba, raguwa ya yi ta yi. Ana saran itace ana loda wa manyan motoci zuwa Yamai, ana share daji ana sabuwar gona, ana kuma harbi a ɓoye.

Mafi munin abin ya zo daga sama. A 1996, bayan juyin mulkin da ya kawo Ibrahim Bare Mainasara kan mulkin Nijar, aka so a yi wa wasu shugabannin maƙwabta kyautar raƙuman dawa, irin ta sarakunan da. Aka tura sojoji su kamo. Kama wannan dabba kuwa sana'a ce mai wuya. Zuciyarta na tura jini sama zuwa kan da ke can ƙololuwa, idan aka kore ta da mota har ta galabaita, ko aka yi mata allurar barci fiye da kima, ko ta daɗe a kwance, mutuwa take yi. Da yawa suka mutu a wannan kamu. Wata Bafaranshiya mai nazarin halayen dabbobi, Isabelle Ciofolo, wadda ta yi shekaru tana bin garken, tana cikin waɗanda suka shaida asarar. A wannan shekara ce lissafi ya tsaya a 49. Da an sake irin wannan kamu sau biyu, da yau a hoto kawai za a san su.

Daga nan aka farga. A 1998 Nijar ta kafa dokar farauta da kare namun daji, raƙumin dawa na cikin waɗanda aka haramta taɓawa baki ɗaya. Amma dokar takarda an riga an ga iyakarta a Ansongo. Abin da ya bambanta Kure shi ne waɗanda suka tsaya kan lamarin sun fahimci ba za a iya korar mutane daga gonakin kakanninsu a yi gandun daji ba. Mutanen sun yi yawa, kuma ƙasarsu ce. Saura hanya ɗaya: a sa zaman raƙumin dawa ya zama alheri ga mai gona.

An fara da wani shiri da wata hukumar raya ƙasa ta Holand ta tallafa, na amfani da albarkatun Kure da arewacin Dallol Boso. Aka kuma kafa ƙungiyar ceton raƙuman dawan Nijar, wadda ake taƙaita sunanta da ASGN, daga baya wani gidan namun daji na garin Doué-la-Fontaine a Faransa ya riƙa ɗaukar nauyin ayyukanta. Idan ka duba abin da ƙungiyar ta fi kashe kuɗi a kai, za ka ga ba raƙumi ba ne, mutum ne. An haƙa rijiyoyi. An ba ƙungiyoyin mata rance don su sayi rago su turke, ko su yi ƙaramar sana'a, su biya bayan 'yan watanni a ba wasu. An tallafa wa lambunan rani. An biya mutane su haƙa ramukan rabin wata a kan fako, don ruwa ya tsaya, ciyawa da itace su dawo. A kowane gari kuwa ana faɗa a fili: wannan rijiya, wannan rance, albarkacin raƙuman nan ne. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba ka ce wa mai jin yunwa ya tausaya wa dabba sai ka fara tausaya masa.

Samarin yankin kuma suka zama jagorori, suka kafa ƙungiyarsu, suna kai baƙi inda garke yake a biya su, wani kaso na kuɗin shiga ya tafi ga ƙananan hukumomin yankin. Waɗannan jagorori su ne ainihin malaman raƙumin dawa. Zanen fatar kowanne daban yake, kamar zanen yatsa, ba ya kuma canzawa har mutuwa. Don haka ƙidayar da ake yi da damina ba ƙiyasi ba ce: ana ɗaukar hoton kowanne ta dama da ta hagu, a buɗe masa shafi a kundi, a san uwarsa, a san 'ya'yansa. Jagoran da ya ƙware daga nesa zai gaya maka wace ce wannan, yaushe ta haihu, wane gari ta fi so. Manomi ya ga sabon jariri sai ya aika a gaya musu. Ya ga baƙuwar fuska da bindiga, nan ma ya aika.

Kada a ɗauka zaman lafiya lau ake yi. Raƙumin dawa bai damu da gero ba, sai dai ya tattaka shi in ya ratsa gona. Amma wake da harawa, waɗannan ba ya ganinsu ya ƙyale. Manomi zai ɗaure harawarsa ya ɗora bisa itace ko kan rumfa don awaki kada su kai, ya manta akwai wanda saman itace ne akushinsa. Da dare sai a zo a cinye abin da zai sayar da rani ya sayi hatsi. Masu lambun mangwaro su ma kukan da suke yi ke nan. An ce baƙo raɓa ne, to wannan baƙo ya zo ya zauna, ya hayayyafa, ba a kuma isa a ɗaga masa sanda ba. Rijiya ta gari ce, rancen na ƙungiya ne, amma waken da aka cinye na mutum ɗaya ne, kuma sau da yawa ba mai biyan sa. A nan nake ganin an rage wa manoman Dallol haƙƙinsu. Duniya na yabon Nijar da ceton wannan dabba, alhali kuɗin ceton daga rumbun talaka ake cirar wani ɓangarensa kowace kaka. Duk da haka ba su kashe ba. Sukan kora, sukan yi gunaguni, sukan kai ƙara wurin mai gari, amma ba su kashe ba.

Garken ya yi ta ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara, abin mamaki ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda. A 2007 binciken ƙwayoyin gado ya ƙara wa lamarin nauyi. Da ana zaton raƙuman dawan Cadi da arewacin Kamaru, da waɗanda ke gidajen namun daji na Turai, duk irin na Nijar ne. Sai bincike ya nuna waɗancan irin Kordofan ne. Ashe babu wani ajiyayyen garke a wani wuri da za a koma gare shi in na Kure sun ƙare. A 2008 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa su cikin waɗanda ke cikin haɗari; a 2018, da suka haura 600, ta sassauta matsayin nasu zuwa mataki na ƙasa da wannan.

Nasarar ta zo da nata nauyin. Mutanen Nijar ba su fi miliyan 3 da 'yan kai ba a 1960, yau sun haura miliyan 25, kowa na bukatar gona da itacen girki. Dajin tuddan Kure na ta ƙanƙancewa a daidai lokacin da masu cin ganyensa ke yawaita. Raƙuman suka fara bazuwa, wasu arewa wajen Fandu, wasu kudu har kusa da Gaya, inda ba a san su ba kuma ba a ci albarkacinsu ba. Motoci na buge su a kan titin Doso. Ga kuma tsoron da ke damun masana: garke ɗaya a wuri ɗaya, annoba guda ta isa ta share shi.

Wannan ya sa aka waiwayi Gadabeji, a arewacin jihar Maraɗi, bayan Dakoro. Gandun daji ne mai faɗin kadada 76,000 da aka keɓe tun 1955, ƙasar makiyaya Fulani da Buzaye, kuma raƙuman dawa sun taɓa zama a can kafin fari da farauta su share su wajen shekara 50 da suka wuce. Kafin a kai ko ɗaya sai da aka zauna da shugabannin makiyaya aka nemi yardarsu. A Nuwamba 2018 gwamnatin Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta ɗauki matasan raƙuma 8. Wannan karo likitocin dabbobi ne suka yi kamun: allura daidai kima, a rufe idanu, a tashe shi nan da nan, a ja shi da igiya zuwa mota. Aka ajiye su makonni a cikin wani dogon shinge har suka natsu, sannan aka yi tafiyar fiye da kilomita 800, kusan kwana biyu, kawunansu na leƙowa ta saman mota, mutanen garuruwan hanya na fitowa kallo kamar yadda aka fito a Tunis da Fas. Duka takwas suka isa da rai.

Ba a cika shekara biyu ba sai masifa ta sauka a Kure. Ranar Lahadi, 9 ga Agusta 2020, 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota da ta kawo masu kallon raƙuma. Suka kashe mutum 8: Faransawa 6 ma'aikatan agaji na ƙungiyar ACTED, da direbansu, da jagoransu, su biyun 'yan Nijar. Ƙungiyar IS ta ɗauki alhakin kisan daga baya. Jagoran nan shi ne shugaban ƙungiyar jagororin Kure, mutumin da ya ba wannan aiki shekarun ƙarfinsa, ya san garken kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Allah ya jiƙansa. Aka rufe wurin ga baƙi, kuɗin shiga ya tsaya cak, jagorori suka koma gona da 'yan buga-buga. Ƙidayar shekara-shekara ma ta yi wuya, don akwai sassan da ba a iya shiga.

A nan ne aka gwada ko abin da aka gina yana da tushe. Da a kan kuɗin masu yawon buɗe ido kaɗai ya tsaya, da ya rushe a wannan shekara. Bai rushe ba. Yaran da aka haifa a Harikanasu da Kure bayan 1996 sun tashi sun tarar da raƙumin dawa a bayan gida, kamar yadda suka tarar da gawo a gona, kuma sun san ba wani gari a duniya da ke da irinsa sai nasu. Wasu jagororin sun ci gaba da zagayawa suna duba garken ko da babu baƙon da zai biya.

A Gadabeji kuwa, waɗanda aka kai a 2018 sun girma, sun fara haihuwa, jarirai na farko da aka gani a wannan daji cikin rabin ƙarni. A 2022 aka ƙara kai mata 4. 'Ya'yan makiyayan yankin ne aka ɗauka aikin bin sawunsu. Da safe sukan fita su nemo inda garken ya kwana, su ƙirga, su duba ko akwai mai ɗingishi ko mai ciki, su rubuta, sannan su wuce wajen rijiya inda iyayensu ke shayar da shanu.